Anini ɗaya, shekara biyar

Shekara ɗaya na yi a jami'a ina karatun nazarin ƙasa kafin sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka a NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna. Ranar da na gaya wa mahaifina zan bar jami'a in koma in fara daga tushe, ya jima bai ce uffan ba. Can sai ya ce, "To, ka dai sani ba kaki kawai za ka je ka saka ba. 'Ya'yan mutane za a danƙa maka." Na ce, "Na ji, Baba." Kunnena ne kawai ya ji a lokacin, don hankalina yana can wajen fareti da anini a kafaɗa.

Kakana ne ya dasa mini son aikin. Yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kai Burma a yaƙin duniya na biyu, kuma har ya rasu bai daina ba mu labarin ruwan saman can da matsattsaku ba. Kofur ya dawo, mai igiya biyu. Da na isa Afaka, inda makarantar take, na tarar bataliyoyin ɗalibai suna ɗauke da sunayen wuraren da irinsu suka yi yaƙi, Burma da Dalet da Abisiniya da Mogadishu, sai da jikina ya yi sanyi. A zamaninsa hafsoshin kusan duk Turawa ne. Ko 'yan ƙasa da suka samu anini daga baya, irin su Yakubu Gowon da Murtala Muhammed, sai da aka kai su makarantar soja ta Sandhurst a Ingila. Sai a 1964 aka buɗe NDA, kuma malamai daga Indiya ne suka ɗora ta a kan ƙafafunta, ƙarƙashin Birgediya Varma. A 1985 ta fara karatun digiri, a 2011 aka fara ɗaukar mata a babban kwas.

Wanda ke waje yana ɗauka wahalar makarantar ita ce gudu da tsallen kwaɗo. Akwai su, ba ƙarya, amma jiki yana sabawa cikin 'yan watanni. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne zama ɗalibin jami'a da soja a jiki ɗaya. Ga mai shiga sojan ƙasa, shekara biyar ce: huɗu na karatun digiri haɗe da horo, ta biyar kuwa aikin soja zalla. Kafin assalatu ka tashi, ka yi gudu, ka yi wanka a gurguje, ka goge takalmi har ya ɗauki ido, sannan ka zauna a aji malami yana bayanin lissafi. Barci a wannan ajin wani irin abokin gaba ne. Na sha tashi da kaina in koma bayan aji in tsaya a tsaye ina rubutu, don na san idan na zauna, na tafi. Kuma ba a yi wa kowa rangwame don yana da ƙarfi. Wanda ya faɗi karatu sai a mayar da shi cikin 'yan bayansa ya maimaita shekara, idan abin ya ci tura a sallame shi. Na ga jarumai a fagen gudu da harbi sun tattara kayansu saboda jarrabawa, kuma har yau abin yana yi mini ciwo idan na tuna fuskokinsu.

Da ba don wani abokin ɗakina ɗan Kuros Riba ba, da wataƙila ina cikinsu. Shi ya riƙa zaunar da ni da daddare yana warware mini lissafi, ni kuma ina koya masa karanta taswira, tunda na ɗan taɓa a jami'a. A watan azumi, shi ke tashina sahur idan gajiya ta danne ni, alhali ba addininsa ba ne.

Taswirar nan da nake taƙama da ita, ita ce ta nuna mini iyakata.

A shekarar ƙarshe aka kai mu tsaunukan Filato don atisayen Camp Highland. Wani dare aka ba ni jagorancin mutum tara, aka ce mu isa wani wuri mai nisan kusan kilomita huɗu kafin wani lokaci da aka yanka mana. Babu wata, babu tocila sai ɗan jan haske da ake rufewa da tafin hannu. Taswirar irin wadda kowane murabba'i a cikinta kilomita ɗaya ne a ƙasa. Na auna alkibla, na ɗaga kamfas, na sa mutum ɗaya yana ƙirga taku yana mayar da tsakuwa daga wannan aljihu zuwa wancan duk mita 100. Komai bisa ƙa'ida, in ban da abu ɗaya: bindigata tana rataye a ƙirjina lokacin da nake duba kamfas. Ƙarfe yana jan allurar kamfas, an koya mana wannan tun shekarar farko, na kuma rubuta shi daidai a jarrabawa. Amma gajiyar kwana uku ta sa na manta. Karkata kaɗan a farkon tafiya, idan aka yi kilomita uku ta zama ɗaruruwan mita.

Muka tarar da rafi inda taswira ba ta nuna rafi ba. A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. Ɗaya daga cikinmu ya matso ya ce a hankali, "Anya ba mu yi hagu da yawa ba?" Na ce masa ya koma layinsa. Kunya ce ta hana ni tsayawa, don ni ne aka sani da iya taswira. Muka ƙara tafiyar kusan awa guda cikin duwatsu da sanyin Filato mai shiga ƙashi, har wani ya gurɗe a ƙafa muka koma tallafarsa bi da bi.

Sajen da ke biye da mu bai ce komai ba duk tsawon wannan lokaci. Bakatsine ne, mai igiya uku, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje tun muna firamare. Da muka iso a makare, gari ya fara wayewa, sai ya ja ni gefe inda sauran ba za su ji ba. Ya ce, "Yallaɓai na gobe, ɓata hanya ba laifi ba ne, kowa ya taɓa ɓata. Amma yaronka ya gaya maka gaskiya ka kore shi. Ranar da harsashi ne a gaba ba rafi ba, wa zai ƙara buɗe baki?" Daga nan ya ce in je in cire wa wanda ya gurɗe takalmi da hannuna, in duba ƙafafun sauran takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, kada in sha ko ruwan shayi sai kowa ya sha. Na durƙusa a kan dutse ina duba ƙafafu masu bororo, maganar Baba ta dawo mini kamar yanzu yake faɗa.

Daga baya na haɗu da hafsoshin Amurka a wani kwas, na ga yawancinsu ba ta irin hanyarmu suka bi ba. Suna da tsarin da suke kira ROTC tun 1916: ɗalibi yana jami'arsa ta kowa da kowa, yana kwana cikin farar hula, sai ya riƙa zuwa darasin soja da atisaye a wasu ranaku da lokacin hutu, ranar da ya karɓi digiri a ɗaura masa muƙamin laftana. Ingila ma tana da rukunonin horar da ɗaliban jami'a, ko da yake nasu ba ya wajabta wa mutum shiga soja. A wurinmu, wanda ya gama jami'a yana iya shiga ta gajeren kwas na watanni. A NDA mukan raina 'yan gajeren kwas, mu ce ba su dahu ba, kuma yanzu ina ganin ba mu yi musu adalci ba. Shekara biyar a bayan katanga tana gina jiki da biyayya da zumunci irin wanda ba a samu a ko'ina, amma tana nisanta ka da mutanen gari. Shekara ɗayar da na yi a jami'a, ina layin ruwa da gardama a ɗakin kwana da wanda ba ya tsorona, ta yi mini amfani ƙwarai ranar da aka tura ni ƙauye in zauna da dagaci da matasa masu jin haushin kaki. Wanda ya shiga daga sakandare kai tsaye sai ya koyi wannan daga baya, wani lokaci da tsada. Da za a tambaye ni, da na ce a ƙara buɗe ƙofa tsakanin jami'o'inmu da horon hafsoshi.

Ranar faretin yaye mu, mahaifiyata ce ta taya aka maƙala mini anini, hannunta yana rawa. Bayan 'yan makonni na isa bataliyar da aka tura ni, aka ba ni mutum talatin da 'yan kai. Sajen da na tarar ya kusa sa'an Baba. Ya ƙame ya sara mini, na amsa, sannan na ce, "Saje, zo mu zauna ka gaya mini waye ba shi da lafiya, waye matarsa ta kusa haihuwa, waye albashinsa ya maƙale." Ya dube ni na ɗan lokaci, ya zaro wani ƙaramin littafi da ya sha jiki daga aljihun gaba, ya jawo benci. Sai da aka kira la'asar muka tashi.