Kafin ka buɗe littafi, buɗe takardar ƙa'idojin jarrabawa

Ƙannena likitoci masu shirin jarrabawar shiga horon ƙwarewa, sau biyu na yi asarar shekara a wannan hanya, kuma ba ƙarancin karatu ne ya ja mini ba.

A karon farko wata bakwai na yi ina kwana a kan littattafai, amma 'yar takardar bayanin jarrabawar ko shafi ɗaya ban karanta ba. Wani na gaba da ni a wurin aiki ya ce mini ana cire maki idan ka amsa ba daidai ba, na kama maganarsa hannu bibbiyu. Duk tambayar da zuciyata ta yi rawa a kanta sai in tsallake, har na fito na bar kusan 30 ba amsa. Da sakamako ya fito, abin da ya rage mini in ci bai kai yatsun hannu ɗaya ba. Sai bayan nan na buɗe takardar, na ga ba a cire komai. Shi abin da ya tarar a lokacinsu ya faɗa, ni ne ban bincika ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Kowace jarrabawa da lissafinta. PLAB 1 ta Birtaniya tambaya 180 ce cikin awa 3, ba a cire maki, USMLE ta Amurka ma ba a cirewa. A irin waɗannan, barin gurbi zubar da rabo ne. NEET-PG ta Indiya kuwa tana ba da maki 4 in ka dace, ta cire 1 in ka kuskure. Ko a nan ɗin ku zauna ku lissafa kafin tsoro ya kama ku. Zaɓi huɗu ne a kowace tambaya. In ka yi canki-canka a tambaya 20, a ƙiyasi za ka dace da 5, maki 20 ke nan, ka rasa 15, ka tsira da 5. In kuwa ka iya fitar da zaɓi biyu da ka tabbata ba su ba ne, ai babu dalilin tsallakewa.

Ku kuma gane me ake nufi da ci. A NEET-PG, fasantayil 50 da ake nema kafin a ce ka ci ba rabin maki ba ne. Ana nufin ka sha gaban rabin waɗanda kuka zauna tare, don haka makin yana motsi kowace shekara. A 2023 ma an sauke shi zuwa sifili saboda guraben horon da suka rage ba kowa. A Amurka kuwa, daga 26 ga Janairun 2022 aka daina ba da adadin maki a Step 1, wato matakin farko na USMLE, sai dai ka ci ko ka faɗi, nauyi ya koma kan mataki na biyu, wato Step 2 CK. Sau huɗu kacal ake yarda ka gwada kowane mataki, kada ka shiga don ɗanɗanawa.

Tuntuɓena na biyu a kan sharuɗɗan cancanta ne, kuma ya fi ciwo, domin na riga na shirya tsaf. Sakamakon IELTS, wato jarrabawar gwada iya Turanci, shekara 2 yake aiki. Nawa ya ƙare saura kwana kaɗan in miƙa takardu, saboda daga ranar da ya iso hannuna nake ƙirgawa, alhali daga ranar zama jarrabawar ake farawa. Irin wannan tarkon yana ko'ina: kashi na farko na MRCP, jarrabawar ƙwarewar likitoci ta Birtaniya, na neman wata 12 na aiki bayan digiri, NEET-PG kuma tana da ranar da dole a ce ka gama shekarar horon asibiti kafin ta.

Yanzu duk ƙanin da ya zo aron littattafaina, sai ya fara sauko da takardar ƙa'idojin wannan shekarar daga shafin masu shirya jarrabawar, mu zauna mu karanta tare, ya rubuta ranar ƙarewar kowace takarda tasa a gefen ranar rufe rajista, sannan in buɗe masa kabad.