Manhajar intanet na ko-ta-kwana: a zana ta don lokacin da babu wuta babu sabis

Gidaje da dama a Katsina yanzu layin intanet biyu gare su. Akwai babban layi, ko dai rautar (na'urar da ke raba intanet ta waifai a gida) da ake biya wata-wata, ko faiba (wayar intanet da ake jawowa har gida), ko Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam da ya shigo Najeriya a 2023. Sannan akwai layin ko-ta-kwana, galibi sim ɗin wani kamfani daban a cikin MiFi (ƙaramar rauta mai batir) ko a rami na biyu na rautar, wanda ake komawa kansa idan babban ya yanke. Na'urorin ba laifi, suna yin aikinsu. Inda gizo ke saƙar shi ne manhajar wayar da ke kula da su, domin masu zana ta a ofis suke gwada ta, ga wuta ga intanet mai ƙarfi, alhali mai gida ba ya buɗe ta sai ɗayan biyun ya tafi.

Saboda haka wajibi ne manhajar ta buɗe ko babu intanet. Duk wadda za ta fara da tura suna da kalmar sirri zuwa sabar kamfani kafin ta nuna komai, ta mutu tun a bakin ƙofa. Kai tsaye ya kamata ta yi magana da rautar ta waifai na cikin gida, ta adireshinta irin 192.168.8.1 ko 192.168.0.1, ta kuma adana izinin shiga a kan wayar. Akwai wani tarko a nan da ke kama ko ƙwararru. Idan Android ta lura waifai ɗin ba ya kai wa ga intanet, takan mayar da zirga-zirgar wayar kan datar sim ɗinta. Sai manhajar ta nemi rautar ta wannan hanyar, ta rasa, ta ce wa mutum ba ta ga na'urar ba, shi kuwa ga shi zaune kusa da ita fitilunta na ci. Maganin shi ne a umarci manhajar ta ɗaure buƙatunta da waifai ɗin, ko da tsarin wayar ya yanke masa hukuncin cewa ba shi da intanet. Android ta tanadi hanyar yin haka, sai dai a manta.

Idan ta buɗe, fuskar farko ta amsa tambayar da ke bakin kowa: me ya lalace? "Sabis ya ɗauke" suna ɗaya ne na cututtuka daban-daban. Wani lokaci wuta aka ɗauke rautar ta mutu. Wani lokaci data ce ta ƙare. Ko an datse wayar faiba wajen aikin titi, ko ƙarfen sabis na unguwa ya tsaya, ko matsalar tana can nesa, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da manyan wayoyin ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta jan ƙafa a Najeriya har wasu bankuna suka shiga matsala. Manhajar ta bi gwaji daki-daki: ana iya kai wa ga rautar? Sim ɗin ya kama ƙarfe? An ba shi adireshi? Saƙon gwaji zuwa sanannun adireshin intanet irin 8.8.8.8 da 1.1.1.1 yana dawowa? Inda gwajin ya tsaya, nan ciwon yake, sai ta faɗa da jimla ɗaya ta Hausa, misali "Babban layi ya yanke tun ƙarfe 7:40, yanzu kuna kan layin ko-ta-kwana." Jar fitila da lambar kuskure ba sa gaya wa uwargida komai.

Ta kuma iya cewa duka layukan ba su da sabis, ta tsaya a nan. Kamfanoni kan haɗa kayansu a ƙarfe ɗaya, don haka idan ƙarfen ya rasa wuta sim biyu na iya mutuwa tare. Mutanen jihar nan sun san abin da ya fi haka: a Satumba 2021 an rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro. A irin wannan yanayi maɓallin "sake gwadawa" cinye batir kawai yake yi.

Sauyawa daga layi zuwa layi ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Idan rautar na tsallakawa da zarar gwaji ɗaya ya faɗi, za ta yi ta kai-kawo duk lokacin da sabis ke rawa, kuma kowane tsallake yana canza adireshin da gidan ke fita da shi. Kiran bidiyo ya yanke, shafin banki ya kore ka, mai cike fom ɗin jami'a ya koma farko. Abin da nake ba da shawara a fara da shi: a gwada duk bayan daƙiƙa 5, sai an faɗi sau uku a jere a koma ko-ta-kwana, kada kuma a dawo babban layi sai ya tsaya lafiya na aƙalla minti biyu. Saurin tafiya, jinkirin dawowa. A ƙara maɓalli guda na "tsaya a wannan layin na awa ɗaya" domin mai jarrabawa ta intanet ko mai POS da ke tsakiyar cirar kuɗi.

Data kuwa, a nan ake asarar kuɗi ba a sani ba. Wayoyin gidan ba su san an sauya layi ba, waifai ɗaya suke gani. Sai su ci gaba da sabunta manhajoji, su ɗora hotuna, talabijin na jan bidiyo mai kaifi wanda kan ci giga ɗaya zuwa uku a awa. Giga 10 da aka ajiye don ranar wuya sai ta ƙare tsakanin Magariba da barci. Kiran murya na WhatsApp kuwa bai kai mega ɗaya a minti ba. Don haka da an koma ko-ta-kwana, rautar ta sanar da wayoyi cewa wannan layin na awo ne, wato datarsa ƙididdigaggiya ce, domin Android na gane wannan alamar ta dakatar da manyan saukarwa, manhajar kuma ta ba da damar fifita na'urori: wayar maigida da kwamfutar ɗaliba su wuce, talabijin ya jira. Sauran datar a nuna ta da lokaci, "a yadda ake sha yanzu za ta kai awa 4", domin ba kowa ke auna rayuwarsa da mega ba. A gidan da ke da sassa da yawa, a raba izini tsakanin mai iya sayen data da toshe na'urori da mai kallo kawai, in ba haka ba manhajar ce za ta haddasa rigima tsakanin yara.

Batir ma lissafi ne mai sauƙi da manhaja za ta iya yi wa mutum. Fawa-bank mai 20,000 mAh a bolt 3.7 yana ɗauke da wat-awa 74. Bayan asarar ɗaga wutar zuwa bolt 12 da rautar ke so, abin da ke saura bai fi 55 zuwa 60 ba. Rauta mai cin wat 10 za ta yi kusan awa shida. A haɗa mata akwatin faiba mai wat 6, a koma wajen awa uku da rabi. Babban kwanon Starlink yana cin wat 50 zuwa sama, shi sai inbata da sola. A zafin Afrilu da Katsina kan taɓa digiri 40, MiFi da aka bari a caji dare da rana batirinsa kumbura yake, don haka idan na'urar na bayar da ma'aunin zafi, a nuna gargaɗi.

Layin ko-ta-kwana yana da wata cuta tasa: mutuwa cikin shiru. Datar kwana 30 ta ƙare ba a taɓa ta ba, ko sim ɗin ya daɗe ba a yi komai da shi ba har kamfani ya rufe, ko ba a haɗa shi da NIN ba. Ba a ganewa sai ranar buƙata. Manhaja ta gwada layin sau ɗaya a mako da 'yan kilobait, ta tuna wa mutum kwana uku kafin data ta ƙare. Ta kuma iya buga *323# don duba data da *312# don saye daga cikin rautar, ta nuna saƙonnin tes da ke shigowa sim ɗin, tunda lambar tabbatarwa can take zuwa, sim ɗin kuwa yana ƙunshe cikin na'ura.

Sanarwar da ke biyowa ta sabar Google intanet take buƙata, wato ba ta isowa daidai lokacin da aka fi son ta. Ga shi kuma yawancin wayoyin da ke hannun mutane, Tecno da Infinix da itel, suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tanadin batir. Tes ne abin dogaro. Amma a kula: saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, da an sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya ya koma 70, kuɗin turawa ya ninka. Ni dai na fi son a gajarta saƙon a bar haruffan yadda suke.

Kafin a saki manhajar, a fitar da ita daga ofis. A kai ta gidan ƙasa mai rufin kwano a cikin birni, wajen Ƙofar Soro ko Ƙofar Marusa, inda kauri na katanga ke rage sabis, a sa ta a waya mai giga 2 na ƙwaƙwalwa. A yi yawo da rautar ana duba ƙarfin sigina a ma'aunin dBm: kusa da -80 yana da kyau, ƙasa da -110 a matsa bakin taga. Sannan a zare babban layi, a kashe wutar ɗakin, a miƙa wayar ga wanda bai taɓa ganin manhajar ba, a ƙirga daƙiƙa nawa zai ɗauka kafin ya faɗi abin da ya lalace da kuma awa nawa suka rage masa.