Wasan Kurket da Zamana a Birmingham

Duk wanda ya taso a Kano ya sauka a Ingila yakan zo da tunanin cewa ƙwallon ƙafa ce za ta haɗa shi da mutanen gari, tun da yake mun san Arsenal da Manchester United tun muna gida. Amma da na kama haya a Sparkhill, unguwar da 'yan asalin Pakistan suke da yawa a cikin birnin Birmingham, sai na tarar cewa da zarar sanyi ya ja baya a watan Afrilu, hirar ƙofar masallaci da ta shagon aski takan koma kan wasan kurket, wanda bai san shi ba kuwa sai dai ya zura ido har a watse.

Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga tuƙin bas, shi ne ya ɗauki nauyin koya mini. Ya ce kowace ƙungiya tana da mutum 11, kuma a tsakiyar fili akwai wani tsiri mai tsawon yadi 22, an kafa sanduna uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yana neman ya kayar da sandunan, mai riƙe da katako kuma yana kare su, yana dukan ƙwallon don ya sami damar gudu zuwa ɗaya ƙarshen tsirin ya ci maki. Idan ƙwallon ta gangara har iyakar fili an ci maki huɗu, idan ta tsallake ba tare da ta taɓa ƙasa ba an ci shida. Ranar da ya miƙo mini ƙwallon na sha mamaki, domin ja ce, an ɗinke ta da fata, tauri gare ta kamar dutse, shi ya sa masu duka suke ɗaure ƙwauri da matashi, su sa hular kwano.

Tarihin wasan ya fi yadda nake zato tsawo. A kudu maso gabashin Ingila ya samo asali, inda yara suke yinsa tun ƙarni na 16, kafin manya masu kuɗi su karɓe shi suna caca a kai. An rubuta dokokinsa a 1744, sannan a 1787 aka kafa ƙungiyar Marylebone ta Landan, wadda har yau ita ce mai kula da dokokin daga filin Lord's. Karawa ta farko tsakanin ƙasa da ƙasa kuwa, abin mamaki, Amurka da Kanada ne suka yi ta a 1844, kafin Amurkawa su karkata ga besbol, ɗan'uwan kurket da aka tsara dokokinsa a New York a shekarun 1840. Dangin suna da yawa: akwai rawundas da ake koya wa 'yata a makaranta, inda ake zagaye turaku huɗu bayan an daki ƙwallo, akwai lapta a Rasha, akwai kuma gilli-danda na Indiya da Pakistan, wanda sanda biyu kawai yake buƙata.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda wasan ya kuɓuce wa masu shi. Turawan mulkin mallaka sun kai shi Indiya da tsibiran Karebiyan da Afirka, har da makarantun gwamnati na Najeriya, amma da aka shirya gasar cin kofin duniya ta farko a Ingila a 1975, 'yan Karebiyan ne suka ɗauke kofin, Ingila ba ta ɗanɗana shi ba sai a 2019. Idan Pakistan ta zo wasa filin Edgbaston da ke kusa da mu, tutoci masu launin kore sukan cika wurin har mutum ya rasa wace ce baƙuwa. Moeen Ali, wanda ya daɗe yana buga wa Ingila, ɗan unguwar nan ne, kuma yara suna alfahari da shi ƙwarai.

A ganina, nau'in da ake kwana biyar ana yi, har da hutun shan shayi, ba na mai aikin dare ba ne. Gajeren nau'in da aka ƙirƙiro a 2003, mai ƙarewa cikin kimanin awa uku, shi ya fi dacewa da irinmu. Matasan unguwa ma sun fi sauƙaƙa abin: sukan naɗe ƙwallon tanis da tef ɗin lantarki, dabarar da ta fito daga Karachi, su kafa kwandon shara a madadin sanduna, musamman a daren azumi bayan an idar da tarawihi.

A watan Janairun 2025, lokacin da 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar duniya a Malesiya, dattijon nan ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da labarin, yana cewa, "Ɗan'uwa, ashe ku ma kun iya!" Ni dai har yanzu hannuna bai faɗa da katakon ba, don haka ƙungiyar unguwa ta ba ni aikin rubuta maki a ranakun Lahadi, kuma ta wannan hanya ce na san likitan haƙorin da yake duba iyalina da makanikin da yake gyara mini mota.