Yadda na bi sawun ruwan gidana daga rijiya zuwa moɗa

A watan Agustan 2021, ana tsakiyar marka, autarmu mai shekara uku ta tashi cikin dare da amai da gudawa, kafin assalatu idanunta sun faɗa, jikinta ya saki. Muka garzaya da ita asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa, bayan kwana uku Allah ya ba ta lafiya. Shekarar ce cutar kwalara ta yi ɓarna ƙwarai a Najeriya, inda hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,000 kuma suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsananta. Ranar da za a sallame mu, likitan ya dube ni ya ce, "Malam, wane ruwa kuke sha a gida?" Na amsa masa da cewa ruwanmu garau yake, ba shi da wari, ba shi da launi. Sai ya ce idon mutum ba ya ganin abin da ke kwantar da yaro, ya kuma shawarce ni da in koma in bi ruwan tun daga inda yake fitowa har zuwa bakin yarinyar. Wannan shawara ce ta sa na yi kusan wata biyu ina binciken gidana kamar baƙo.

Gidanmu yana wata unguwa da ke wajen ganuwa ta arewacin birnin Kano, kuma kamar yawancin gidajen unguwar, ba ruwa ɗaya muke amfani da shi ba. Akwai famfo, wanda yake zuwa wani lokaci ya ɗauke kwanaki. Akwai rijiyar tsakar gida da mahaifina ya haƙa. Akwai 'yan garuwa da ke turo kura da jarkoki daga rijiyar burtsatse. Sannan akwai fiya wata da muke saya idan an yi baƙi. Ruwan famfon birnin daga matatun Tamburawa da Chalawa da Watari yake fitowa, kuma a can ana kwantar da dauɗarsa, a tace shi, a sa masa sinadarin kulorin kafin a turo shi. Saboda haka na fara da zaton cewa shi ne mafi aminci, ban ma sa shi cikin lissafin abin zargi ba.

Wani dattijo mai gyaran famfo ne ya kawar mini da wannan zato. Ya sa muka fita ƙofar gida, ya tsuguna bakin kwata, ya ture dagwalon da sanda, sai ga bututun roba da ya shigo da ruwa gidanmu kwance cikin ƙazantar tsamo-tsamo, an ɗaure wata mahaɗa da igiyar roba ta tsohon tiyub. Ya bayyana mini cewa muddin ruwa yana gudu da ƙarfi cikin bututu, ta wurin ɓular waje yake tsartuwa, amma da zarar an ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi zuwa ciki. Idan ruwa ya dawo, wannan ƙazantar ce ke fara isowa bokitin da matan gida suka yi sauri suka tara. Na tuna yadda mai ɗakina ta sha cewa ruwan farko yana zuwa da ɗan duhu da wari, mu kuwa muna ɗauka tsatsar bututu ce kawai. Aikin ma'aikacin da na ɗauka shekarun baya ne, ni kuma ban tsaya na ga inda ya bi da bututun ba, domin na fi damuwa da a gama da wuri kuma da araha. Muka sayi sabon bututu, aka ɗaga shi sama da kwatar, aka zura shi cikin wani babban bututun ƙarfe a wurin da ya ƙetare ta.

Rijiyar ce ta fi ba ni wahala, domin da ita muka tashi, kuma Hajiya, mahaifiyata, tana ganin ruwanta ya fi kowane ruwa daɗi. Na ɗauko awo na auna tsakaninta da ramin masanmu, na samu mita tara. Tsakaninta da shaddar maƙwabcinmu da ke bayan katanga kuwa bai kai mita bakwai ba. Masana tsaftar muhalli suna ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da masai, abin da filin gida na birni ba ya ɗauka ko kaɗan. Lokacin da aka haƙa rijiyar, bayan gidan fili ne da gonaki. Yau kuwa kowane taku an yi gini, kowane gini da raminsa. Da damina ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa har guga ya riƙa taɓa shi da igiya gajera, mu muna murna ruwa ya yi kusa, alhali a daidai lokacin ne yake haɗuwa da abin da ke tsiyayowa daga ramukan.

Na kai samfuri zuwa wani ɗakin gwaji na wata jami'a. Sun ba ni kwalabe huɗu da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, suka ce kada in taɓa bakinsu da hannu, in sa su cikin kula da ƙanƙara, in dawo da su cikin sa'o'i kaɗan. Na ɗebi ruwan rijiya, da na famfo bayan gyara, da na jarkar ɗan garuwa, da na randar da muke sha. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya cikin mililita 100 na ruwan sha, domin samunta shaida ce cewa bayan gida na mutum ko na dabba ya shiga ruwan. Sakamakon rijiya bai ba ni mamaki ba: tana da ƙwayar, kuma sinadarin naitiret ɗinta, wanda kan tsiyayo daga masai da taki, ya haura miligiram 50 a kowace lita, wanda shi ne iyakar da hukumar ta gindaya. Ruwan famfo ya fito lafiya. Na jarka yana da 'yar matsala. Abin da ya girgiza ni shi ne randa, domin ruwan famfon nan mai kyau muka zuba a cikinta, amma sai ga ta ta fi jarkar ɗan garuwa ƙazanta.

Ruwa ba ya tsami banza. Na zauna a tsakar gida wata ranar Asabar tun daga hantsi har la'asar, ba abin da nake yi sai kallon randar nan. Yaro ya dawo daga wasan ƙasa, ya ɗauki moɗa, ya zura hannu har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da ragowar ciki. Wata ta fito daga bayi, ta ɗauraye hannu da ruwan buta ba sabulu, ta zo ta ɗiba. Moɗar ta faɗi ƙasa kusa da inda kaji ke kiwo, aka ɗauka aka kife ta a kan faifan da ke rufe da randar. Almajirin da ke yi mana aike ya sha, baƙuwa ta sha, ni ma da ƙishirwa ta kama ni na tashi na yi yadda kowa ya yi. Kafin la'asar na ƙirga hannu fiye da ashirin da suka shiga ruwan da autarmu take sha. A ranar na gane cewa da na kashe kuɗi na haƙa burtsatse, kamar yadda abokai suka yi ta ba ni shawara, da yarinyar ta sake kwanciya, domin ɓarnar a taku na ƙarshe take faruwa.

Da na kawo maganar sauya randa, Hajiya ba ta ji daɗi ba. Ta ce, "Kai yaro, da ruwan randar nan na raine ku, wanne ne ya mutu a cikinku?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba randar ce ke da laifi ba, hannuwanmu ne." Ta yi shiru, can sai ita da kanta ta tuna mana zamanin duba-gari, lokacin da ma'aikacin tsafta yake shiga gida har madafi, ya buɗe randa ya leƙa, idan ya ga gansakuka ko tsutsa mai gida ya shiga uku. Ta ce a lokacin kowace mace tana wanke randarta tun da sassafe don gudun kunya. Muka yi sulhu a kan cewa randar za ta zauna saboda sanyinta, amma na kai wa wani magini ya huda gindin sabuwa ya sa mata kan famfo, aka ɗora ta a kan kujerar ƙarfe, aka yi mata murfi mai nauyi da yaro ba ya iya ɗagawa. Moɗa ta daina shiga ciki, kowa yana tara kofinsa.

Sauran gyaran ba shi da wuya, sai dai yana bukatar naci. Ruwan rijiya ya koma na wanki da shara da bayi kawai, domin tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire naitiret, hasali ma tana ƙara masa ƙarfi yayin da ruwan ke ƙonewa, shi kuwa wannan sinadari ya fi yin illa ga jarirai 'yan ƙasa da wata shida, inda yake hana jininsu ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Haka nan tafasawa ba ta cire dalma, wadda gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Wanda yake zaune kusa da masana'antun Sharaɗa ko Bompai ko Chalawa, ko gefen kogin Jakara, ya kamata gwajinsa ya haɗa da ƙarafa irin wannan. Ruwan jarka kuwa, idan ya zo da duhu sai mu sa masa ɗan alam ya kwanta, mu tsiyaye na sama, sannan a sa kulorin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira rabin sa'a kafin a sha. Alam kaɗai ba ya wadatarwa, ko da yake mutane da yawa suna ganin ruwa ya yi haske sai su ɗauka an gama. Na yara ƙanana ana tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Na kuma yi magana da ɗan garuwar da ke kawo mana ruwa, na saya masa jarkoki huɗu sababbi masu murfi na gidanmu kaɗai, domin nasa tsofaffin na man gyaɗa ne, cikinsu ya yi kore, da leda yake toshe bakinsu. A bangon madafi mai ɗakina ta rubuta haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Bin sawun ruwan ya kai ni ga wasu haɗurra da ban fita nemansu ba, kuma kusan dukkansu neman ruwan ne ya haife su. Rijiyar nan ba ta da murfi sai wani ruɓaɓɓen kwano da aka danne da dutse, bakinta kuma bai kai ƙugun yaro ɗan shekara huɗu ba. Duk wanda ke sauraron rediyo a Kano ya san sau nawa ake jin jami'an kashe gobara sun ciro yaro daga rijiya. Na sa aka ɗaga bakin da bulo, aka yi murfin ƙarfe da kwaɗo. Injin da ke tura ruwa zuwa tankin sama yana haɗe da waya mai ɗauri uku, an naɗe da leda, tana kwance daidai inda ake zubar da ruwan wanki. Mai gyaran wuta ya sauya ta gaba ɗaya, ya sa ta cikin bututu, ya kafa wayar ƙasa. Hitar da ake tsomawa cikin bokiti lokacin sanyi na fitar da ita daga gidan, bayan na ga babbar 'yata tana sa yatsa cikin ruwan don ta ji ko ya yi zafi alhali hitar tana jone.

Janareta kuwa a zaure muke tayar da shi saboda tsoron ɓarayi, a rufe ƙofa, ga ɗakin samari yana kallon zauren. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana sa ciwon kai da barci mai nauyi, tana kuma iya kashe mutanen ɗaki guda kafin gari ya waye. Yaran sun sha kukan ciwon kai da safe, muna ba su maganin zazzaɓi. Yanzu an gina masa keji na ƙarfe a sararin tsakar gida, nesa da tagogi. A madafi kuma na tarar da kananzir cikin gorar ruwan roba, ajiye a ƙasa kusa da gorunan da muke sa ruwan sha, launinsu kusan ɗaya a idon yaro mai jin ƙishirwa. Tankin sama da na hau na leƙa, shekara huɗu rabonsa da wanki, murfinsa ya tsage, laka ta kwanta a gindinsa kamar kaurin yatsa biyu, ga gawar ƙadangare a ciki. Tun daga lokacin muna wanke shi sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta.

Abu guda ne har yau ban warware ba, shi ne rijiyar da ramukan da ke kewaye da ita. Na yi magana da maƙwabcina cikin mutunci, ya saurare ni, amma shi ma ba shi da wani wurin da zai mayar da shaddarsa, kamar yadda ni ma ba ni da inda zan kai tawa. Gidaje uku a layinmu har yanzu daga irin wannan rijiya suke sha, domin kuɗin jarka ya yi musu yawa, kuma na kai takardar gwajin nan wurin mai unguwa, ya sa liman ya yi bayani bayan sallar Magariba. Biyu daga cikinsu sun fara sa kulorin. Na ajiye kwalabe huɗu a kan kabad, idan ruwan Agusta ya sauka zan sake ɗiba, wannan karon har da na rijiyar gidan da ke kallon namu, domin matar gidan ta haihu watan jiya.