Gwajin ruwan dogon yaro a kan tsutsar masara: a jira ranar saɓa

Shekarun da na yi ina aiki da tsutsar masara a wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a Marwa ta arewacin Kamaru, tambayar da ɗalibai suka fi yi mini ita ce: "Malam, mun fesa jiya, yau ba ko ɗaya da ta mutu, anya maganin nan na aiki?" Amsata kullum ɗaya ce. Ruwan ƙwayar dogon yaro ba irin gubar da ke kayar da ƙwaro nan take ba ne. Sinadaran da ke tafiyar da girman tsutsa yake dagulawa, don haka sai ranar da za ta yi saɓa ake ganin aikinsa.

Fatar tsutsa ba ta girma tare da ita, dole ta tuɓe tsohuwa ta sa sabuwa. Umarnin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa: tana sakin wani sinadari da ake taƙaita sunansa PTTH, shi kuma ya zaburar da wasu ƙananan gaɓoɓi a ƙirji su saki ekdison, wanda jiki ke juyawa zuwa nau'in da ke sa saɓar. Akwai kuma sinadarin ƙuruciya, daga wasu 'yan gaɓoɓi biyu a bayan ƙwaƙwalwa. Idan yana da yawa lokacin da ekdison ya tashi, tsutsa za ta saɓe ta fito tsutsa mafi girma. Idan ya ja baya, sai ta dunƙule ta shiga kwanciyar da daga ita za ta fito da fukafukai. Wannan ilimi da wahala aka same shi. A 1954 Butenandt da Karlson a Jamus sai da suka sarrafa kilo 500 na ƙwarin siliki kafin suka tace miligiram 25 na ekdison. Azadiraktin, sinadarin da ya fi ƙarfi a ƙwayar dogon yaro, a 1968 Butterworth da Morgan suka ware shi a Ingila, kuma cikin abubuwan da yake yi har da hana fitar PTTH a kan kari.

Aikin daga kiwo yake farawa, kuma nan ne yawancin gwaje-gwaje ke lalacewa tun ba a je ko'ina ba. Tsutsar da muke aiki da ita, Spodoptera frugiperda, wadda aka fara gani a Afirka a 2016, tana cin 'yar'uwarta. Da zarar sun ɗan tasa, in ka bar goma a mazubi ɗaya za ka wayi gari da ƙalilan, su ma sun ƙoshi da nama maimakon ganyen da ka shafa wa magani. Saboda haka kowace da ƙaramin kofin roba nata, murfi da ƙananan huji, takarda mai ɗan danshi a ƙasa, ganyen masara sabo kowace safiya. Ganyen kuwa daga masarar da muka shuka da hannunmu, domin na gonar wani ba ka san abin da aka fesa masa ba.

Abu na biyu shi ne shekarun tsutsar, in ce awoyinta. Matakai shida take bi, kuma a zafinmu tana iya gama su cikin mako biyu. Tsutsa biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya ta saɓe yau da asuba, ɗaya saura mata awa goma ta sake saɓa, cikinsu ba abu ɗaya ke gudana ba. Alamar da nake dogara da ita tana kai. Idan saɓa ta matso, tsutsa kan daina ci, ta yi shiru, tsohon ƙoƙon kanta ya zamo gaba kamar hular da ta yi wa yaro kaɗan, ka hango sabon kai mai haske a bayansa. Irin waɗannan nake warewa da yamma. Da safe duk wadda ta fito da kai fari-fari da fata mai laushi, na rubuta mata ranar farko. Su kaɗai ke shiga gwaji. Hanyar tana cin lokaci, tana kuma sa ka ajiye tsutsotsi da yawa gefe, amma ban ga wata da ta fi ta ba.

Kafin ɗalibi ya taɓa magani, ina sa shi ya yi ɗaurin zare, irin wanda Kopeć ɗan Poland ya yi tun wajen 1920. A sa tsutsar matakin ƙarshe a kan ƙanƙara har ta sanyaya, a ɗaure ta da zaren ɗinki tsakanin ƙirji da ciki, tam, amma ba har fata ta tsage ba. Idan an ɗaure kafin ekdison ya bazu, gaban ne kawai zai canza, bayan ya tsaya tsutsa. Idan an makara, duka biyun za su canza. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya sake cewa awoyi ba su da muhimmanci. Ɗauri mai sako-sako shi ne kuskuren da aka fi yi: jini ya ratsa, sakamako ya rikice.

Sai haɗa ruwan. 'Ya'yan da suka nuna suka faɗo muke tsinta, a wanke naman, a shanya a inuwa. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna a zubar. A fasa, a daka tsakiyar a turmi, giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a bar shi ya kwana, a tace da ƙyalle, a yi amfani da shi ranar. Rana da zafi na karya azadiraktin, kuma yawansa ya bambanta daga bishiya zuwa bishiya. Wata shekara na sake gwaji da ƙwayar da ta yi watanni a buhu ƙarƙashin rufin kwano, ta ratsa zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, kuma ƙarfinta ya ragu ƙwarai. Tun daga nan ƙwayar gwaji guda daga tari guda take fitowa, da ranar tsinta a rubuce a jikin kwalba.

Ganyen masarar a tsoma shi a ruwan, a bari ya sha iska, sannan a ba su. Kowane rukuni tsutsa 30, da rukunin da aka tsoma nasa a ruwa zalla. Idan mutuwa a wannan rukunin na ruwa ta wuce kashi 20 cikin 100, gwajin ya tashi, a sake. Awon nauyi kullum a lokaci guda.

Akwai tarko a nan. Dogon yaro yana kuma hana ƙwaro ci, abin da Schmutterer ya lura da shi a Sudan a 1959 lokacin da fara ta cinye ganyaye ta bar nasa. To tsutsar da ta ƙi ci ma girmanta zai tsaya, ba don an taɓa sinadaranta ba. Don raba biyun nake ƙara rukuni na uku, da ake ba shi ganye mai tsabta daidai gwargwadon abin da masu magani suka ci jiya. Waɗannan kan yi jinkiri, su ƙanƙance, amma yawanci su saɓe lafiya. Masu dogon yaro kuwa za ka tarar da wata ta kwana uku tsohon ƙoƙon kai na manne a bakinta, wata fatar ta tuɓe rabi ta shaƙe ta a tsakiya, wata ta zama rabi tsutsa rabi mai kwanciya, ta yi baƙi. Shi ya sa takardar rubutunmu ke da gurbin ranar saɓa da siffar da aka gani, ba gurbin mutuwa kaɗai ba.

Idan za a aika jini a auna ekdison a ɗakin da ke da na'ura, a yanke ƙafar ciki ɗaya, a ɗiga jinin kai tsaye cikin metanol (wani irin barasa na ɗakin gwaji) mai sanyi, domin in ya sha iska cikin mintoci yake yin baƙi. Firji kuma kada a amince masa shi kaɗai. Muna cika ƙasansa da robobin ruwa daskararru, samfuran a tsakiyarsu, yadda ko wuta ta ɗauke da rana za su kai dare da sanyinsu.