Godiya ga duk wanda ya tsaya mini, da 'yan'uwan da na baro a ciki

Salama gare ku 'yan'uwa a cikin sunan Yesu Almasihu. Kamar yadda da yawanku suka ji, kotu ta sallame ni daga gidan yari na dawo gida, ina tare da iyalina lafiya lau. Tun da na fito waya ba ta huta ba, wani kiran na ɗauka wani ban samu ɗauka ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani.

Godiya ta farko ga Ubangiji ne, shi ya riƙe ni. Sai matata, maman yara, wadda ta riƙe gida da kuɗin makaranta da surutun mutane duk ita kaɗai kuma ranar ziyara ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba, ko gari ne da ƙuli sai ta ƙullo. Baba Rabaran da dattawan ikkilisiyarmu na gode, lauyan da ya bi shari'ar nan ba tare da ya matsa mana kan kuɗi ba Allah ya sāka masa. Iyayenmu 'yan zumuntar mata kuwa yabon gwani ya zama dole, kun zo da sabulu da omo da man ƙazuwa da dafaffiyar shinkafa, ba don ni kaɗai ba har da waɗanda ba ku san sunansu ba. Wanda bai taɓa cin gabza ba ba zai gane darajar shinkafar nan ba. Kuɗin abincin fursuna naira 750 ne a rana kafin a ƙara shi zuwa 1,125 a 2024, to ku auna da kanku abin da wannan zai saya a kasuwar yau.

Amma abin da ya fi sa ni rubutun nan shi ne in gaya muku akwai ikkilisiya a cikin gidan yari, mai rai kuwa, kuma fursunoni ne suke riƙe da ita. Kowane ɗaki da nasa mai jagorar addu'a, mu namu wani dattijo ne da ke ɗaurin rai da rai, Baba Fasto muke ce masa duk da ba wanda ya naɗa shi kuma bai taɓa shiga makarantar tauhidi ba. Da asuba kafin a buɗe ƙofa shi zai tashe mu, waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, aya ɗaya, addu'a, da dare bayan an kulle haka. Littafi Mai Tsarki na Hausa guda ɗaya ne a ɗakin, bangon ya cire an ɗinke da zare, bi da bi ake karantawa, kuma da shi Baba ya koya wa samari karatu, yaron da ya shigo bai san ko baƙi ɗaya ba na gan shi da idona ya tsaya ya karanta Zabura 23 daga farko har ƙarshe. Baba na san wannan saƙo zai kai gare ka ta bakin masu ziyara, na gode, Allah ya duba lamarinka.

Labarin Bulus da Sila a kurkukun Filibi da ke Ayyukan Manzanni sura 16 tun muna makarantar Lahadi muke jin sa, amma sai a can na kula da cewa da suke waƙa da tsakar dare sauran fursunoni suna sauraro. Haka abin yake, in ɗaki ɗaya ya ta da waƙa za ka ji na kusa ya amsa har wanda da rana ba ya zuwa sujada. Wasiƙun Afisawa da Filibiyawa da Kolosiyawa da Filimon duk a ɗaure Bulus ya rubuta su, in ana karanta su a ciki ba a bukatar dogon bayani, kowa ya gane.

Wasu za su ce ai tuban gidan yari na yunwa ne, don shinkafar baƙi ake cika majami'a. Akwai masu haka, ban musa ba, kuma ni ban ga laifin mai jin yunwa ba. Amma a ɗakin da mutane suka cunkushe har sai an yi shawara kafin a juya kwanciya ba a iya ɓoye hali, wanda ya canza za a sani. Mutumin da aka san shi da faɗa kan wurin kwana ya bar wa marar lafiya tabarmarsa, wani ya raba sabulunsa biyu, wani kuma da ya shigo yana rantsuwar sai ya rama ya koma yana kiran sunan wanda ya kawo ƙararsa cikin addu'a yana roƙa masa alheri. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya, ni ma da taimakon 'yan'uwan nan na iya shi. Na gode wa masu hidimar Prison Fellowship, ƙungiyar Kirista da ke aiki a gidajen yari, da suka bi da mu cikin bisharar Markus na mako takwas kan tambayoyi uku, wane ne Yesu, me ya kawo shi, mene ne bin sa, bayan nan ne aka yi wa wasu baftisma a cikin tankin ruwa a tsakar gidan, gandirobobi ma suna tsaye suna kallo.

Gandirobobin da suka nuna mana mutunci na gode muku, da jami'in walwala da yake buɗe mana majami'a kan lokaci. Haka 'yan'uwanmu Musulmi da muka zauna ɗaki ɗaya, lokacin sallarsu mu yi shiru lokacin addu'armu su yi shiru, da azumi in an kawo musu abin buɗa baki sai sun miƙo mana, limaminsu ma da zazzaɓi ya kwantar da ni shi ya riƙa ɗebo mini ruwa. Allah ya fid da ku lafiya.

Duk wanda aka kira sunansa zai fita, maganar da ake bin sa da ita ɗaya ce, ka tuna da mu. Ita Yusufu ya faɗa wa mai shayar da Fir'auna a Farawa 40, mutumin ya fita ya manta da shi har shekara biyu. Ni na yi alkawari ba zan yi haka ba, shi ya sa godiyar nan take tafe da roƙo. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, da yawa ba su da lauya. Wasu kuma 'yar tara ce ta riƙe su, a Nuwamba 2023 da ma'aikatar cikin gida ta haɗa naira miliyan 585 aka biya tara mutum 4,068 aka saka, in kun raba za ku ga abu ne da ikkilisiya ɗaya za ta iya yi wa mutum ɗaya ko biyu da baikon Lahadi guda.

Sannan tun 2019 doka ta sauya wa gidajen nan suna zuwa gidan gyaran hali, to in mutum ya gyaru ya fito ina za shi? Na ji labarin waɗanda suka fito da wutar bangaskiya suka shiga sujada aka riƙa matsawa daga bencin da suka zauna, mata na riƙe jaka, ba su ƙara komawa ba. Bulus da ya mai da Onisimus, bawan da ya gudu, wurin ubangidansa Filimon cewa ya yi a karɓe shi kamar ɗan'uwa ƙaunatacce. Ni an karɓe ni haka, har wani dattijo ya ba ni wuri a shagonsa na walda in fara aiki, Baba Allah ya ƙara buɗi, ina roƙo a yi wa na bayana irin wannan.

Za mu koma ziyara ƙarshen wata tare da 'yan zumunta in Ubangiji ya yarda. Abin da suka fi bukata Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Turanci, tabaran karatu don dattawa, sabulu, silifas, bargo tun da sanyi ya kusa, da lauya ko ɗaya ne da zai duba takardun masu jiran shari'a. Mai niyya ya kai wa sakataren ikkilisiya. Wanda ban ambata ba dan Allah ya yi haƙuri, ranar Lahadi a sujadar Hausa zan tsaya in ba da shaida, ku zo mu yi godiyar tare.