Shekarun gini a jikin katakon rufi

A shekararmu ta uku a sashen zanen gine-gine aka ba kowa tsohon gini ya yi nazari. Ni rabona ya faɗa kan gidan ruhubanawan Kirista na Santa Katarina, a gindin Dutsen Sina'i a Masar. Na yi mako biyu ina zana katangarsa mai kauri kamar ganuwa, na rubuta a ƙasa cewa Sarkin Rumawa Jastiniyan ne ya gina shi tsakanin 548 da 565.

Malam ya duba, ya ɗora biro kan lambobin. "Wa ya gaya maka?"

Na ce a littafi na gani.

"Shi mai littafin fa, wa ya gaya masa?"

Na yi tsuru-tsuru. Ashe amsar tana bisa kai, inda ban ko ɗaga ido ba. Katakon da ke riƙe da rufin majami'ar da ke cikin gidan tun na farko ne, kuma an sassaƙa rubutun Girkanci a jikinsa. Wani layi yana yi wa Jastiniyan addu'a a matsayin mai rai, wani yana nema wa matarsa Tiyodora hutawa a matsayin marigayiya. Ita ta rasu a 548, shi a 565. Shi ke nan, shekarun sun fito da kansu. Har sunan maginin yana nan, Istifanus mutumin Aila, wato garin Akaba na ƙasar Jodan a yau. Ni da na tashi ina ganin gara tana cinye azara tun mai gida yana raye, sai da na sake karantawa kafin na yarda katako ya haura shekara 1,400 a wurinsa. Busasshiyar iskar tsaunukan ce ta yi masa rana.

Daga nan na daina zana ginin kamar an gama shi rana ɗaya. Akwai masallaci a cikin katangar, da hasumiyarsa, tun zamanin Faɗimiyawa, daular Musulmi da ta mulki Masar. Akwai lokacin da aka toshe babbar ƙofa saboda mahara, sai dai a jawo baƙo sama da igiya ta wata kafa a jikin bango.

Na sake zanen daga farko, kowane zamani da launin tawadarsa. Malam ya karɓa, ya ce har yanzu ban nuna inda suke samun ruwa ba.